Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka: Sharhi a Kan Littafin Gifted Hands

Littafin nan mai suna Gifted Hands, watau hannuwa masu baiwa, ya fito a Amurka a shekara ta 1990. Labarin rayuwar Dokta Ben Carson ne, likitan fiɗar ƙwaƙwalwa, wanda ya rubuta tare da taimakon wani marubuci mai suna Cecil Murphey. A shekara ta 2009 aka mai da shi fim. Tun fitowarsa ya sami karɓuwa ƙwarai a wurin masu bi a Nijeriya. Iyaye suna saya wa 'ya'yansu, masu wa'azi kuma suna ɗebo misalai daga cikinsa a taron matasa. Saƙon da yawancin mutane suke ɗauka daga ciki shi ne, yaro matalauci wanda aka raina saboda launin fatarsa, in ya dogara ga Allah ya kuma dage da karatu, zai kai inda ba a zata ba.

Akwai gaskiya a cikin wannan saƙo. Amma littafin da ake miƙa wa yara kamar magani, ya kamata a gwada shi a inda ciwon ya yi tsanani. Wurin gwajin a nan shi ne Gadarif, a gabashin ƙasar Sudan, inda Hausawa suke zaune fiye da shekara ɗari, inda kuma talauci da rainin ƙabila suke tafe tare. Idan aka sa littafin a hannun ɗan Bahaushen Gadarif mai marmarin zama likita, zai nuna masa hanya ne, ko kuwa zai ɗora masa laifin da ba nasa ba?

Abin da littafin ya ƙunsa

An haifi Carson a birnin Detroit a 1951. Yana ɗan shekara 8 iyayensa suka rabu. Uwarsa Sonya, wadda aka yi wa aure tana da shekara 13, karatunta kuma bai wuce aji 3 ba, ta shiga aikatau a gidajen masu kuɗi domin ta ciyar da shi da wansa. A aji 5 shi ne na ƙarshe, 'yan ajinsu suna ce masa daƙiƙi. Sai uwar ta kafa doka a gida: a rage kallon talabijin, kowane yaro ya karanta littafi biyu a mako daga laburare, ya kuma rubuta mata abin da ya karanta. Sai daga baya yaran suka gane ita kanta da ƙyar take karanta abin da suke rubutawa.

Cikin ɗan lokaci na ƙarshe ya koma na fari. A aji 8 ya ci kyautar ɗalibi mafi ƙwazo, sai wata malama farar fata ta miƙe a gaban taro tana yi wa yara farare faɗa, don sun bari baƙin yaro ya wuce su. Yana da shekara 14 fushi ya sa ya kai wa wani yaro sūka da wuƙa, wuƙar ta karye a kan ƙarfen bel. Ya kulle kansa a ɗaki yana addu'a yana karanta Littafin Karin Magana, ya kuma ce tun daga ran nan fushin ya sake shi. Ya gama Jami'ar Yale a 1973, ya gama makarantar likita ta Michigan a 1977, sa'an nan ya shiga asibitin Johns Hopkins a birnin Baltimore. A 1984, yana da shekara 33, aka naɗa shi shugaban sashen fiɗar ƙwaƙwalwar yara. A 1987 ya shugabanci aikin raba waɗansu tagwaye daga Jamus waɗanda aka haifa kawunansu a manne ta ƙeya.

Inda littafin ya yi kyau

Ƙarfin littafin yana wurin Sonya. Duk sa'ad da ta bayyana, labarin yakan yi rai. Mace ce wadda ba ta da ilimin boko, ba ta da miji a gida, tana kuma fama da baƙin ciki mai nauyi har takan kwanta asibiti a ɓoye, duk da haka ta ƙi yarda a ce ɗanta daƙiƙi ne. Uwaye da yawa a zumuntar mata za su ga kansu a cikinta, gama su ma da kuɗin ƙosai da na ƙuliƙuli suka biya kuɗin makaranta. Littafin ya nuna cewa ba lalle sai uwa ta iya karatu kafin ta sa ɗanta ya zama mai karatu ba.

Abu na biyu, littafin bai ɓoye zafin raini ba. Ya ba da labarin yadda waɗansu ma'aikatan jinya suka ɗauke shi mai tura gadon majinyata sa'ad da ya fara aiki, da yadda waɗansu majinyata ba su so baƙin likita ya taɓa su ba. Ya kuma nuna cewa raini yakan haifi fushi, fushin kuwa yana iya hallaka wanda aka raina tun kafin mai rainin ya kai gare shi. Wannan darasi ne mai amfani ga kowane saurayi. An kuma rubuta littafin da Turanci mai sauƙi, wanda ɗan sakandare zai karanta ba da wahala ba.

Hannuwan da ba a ƙidaya ba

Rauninsa yana cikin sunansa. Littafin ya sa ido a kan hannuwa biyu, na Carson, alhali kuwa shafuffukansa cike suke da waɗansu hannuwan da marubutan suka ambata a gurguje suka wuce. Laburaren da yaron yake zuwa na gwamnatin birni ne, kyauta ake ara. Rashin ganinsa da kyau, a makaranta aka gano shi sa'ad da aka gwada idanun yara, aka sa masa tabarau. Uwar ta karɓi takardun tallafin abinci na gwamnati a lokacin ƙunci. Yale ta ba shi tallafin karatu. Har aikin tagwayen nan da ya sa ya yi suna, mutum wajen 70 ne suka yi shi cikin awa 22.

Akwai kuma hannuwan da littafin bai tsaya a kansu ba sam. A 1954 kotun ƙolin Amurka ta haramta ware makarantun baƙaƙe daga na farare. A 1964 aka kafa dokar da ta hana wariya a wuraren jama'a da wajen ɗaukar aiki. Mutane ne suka sha duka da ɗauri, waɗansu suka mutu, kafin a sami waɗannan dokoki. Carson ya iso ƙofar ne bayan sun ɓalle sakatar.

Wanda yake shakkar haka ya dubi Vivien Thomas. Baƙar fata ne, kafinta, ya tara kuɗi domin ya yi karatun likita, sai karyewar tattalin arzikin Amurka da ta fara a 1929 ta cinye ajiyarsa. Ya zama mataimakin Dokta Alfred Blalock a ɗakin gwaje-gwaje, ya bi shi zuwa Johns Hopkins ɗin nan. A 1944, sa'ad da aka fara yi wa jarirai wata sabuwar fiɗar zuciya, Thomas yana tsaye a bayan Blalock yana yi masa jagora, gama shi ne ya gwada aikin sau da yawa a jikin karnuka. Bai taɓa shiga makarantar likita ba. Sai a 1976 jami'ar ta ba shi digirin girmamawa. Asibiti ɗaya, baiwa iri ɗaya, himma iri ɗaya, amma shekara 40 ce ta raba su, dokokin ƙasa kuma suka sāke a tsakani.

Mai karatu na yau ya san waɗansu abubuwa da mai karatun 1990 bai sani ba. Tagwayen sun tsira da rai daga fiɗar, amma dukansu biyu sun sami mummunar naƙasa a ƙwaƙwalwa, ba su yi rayuwa irin ta sauran yara ba. A 2015 kuma, sa'ad da Carson ya nemi takarar shugabancin Amurka, 'yan jarida sun tuhumi waɗansu labaran ƙuruciyarsa, har da na wuƙar, shi kuwa ya tsaya a kan maganarsa. Wannan bai rage ƙwarewarsa a fiɗa ba. Yana dai tunawa da mai karatu cewa shaidar mutum a kan kansa, kome daɗinta, ba Nassi ba ce.

Gwaji a Gadarif

Gadarif tana da nisan wajen kilomita 400 daga Kartum, kusa da iyakar Habasha. Ƙasa ce mai baƙar laka, rumbun dawa da riɗi na Sudan. Hausawa sun iso ta ne a kan hanyar hajji, da ƙafa, suna yada zango suna noma domin guzuri. Yawansu ya ƙaru bayan 1903, sa'ad da Turawa suka ci Sakkwato aka kuma kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi. Ɗansa Mai Wurno ya wuce gabas da jama'arsa, ya kafa garin da ake kira da sunansa kusa da Sannar. Da aka buɗe babbar gonar auduga ta Jazira a 1925, da kuma aka fara noma da injuna a Gadarif a shekarun 1940, ƙarfin Hausawa da sauran mutanen yamma yana cikin abin da ya ɗauki aikin. Kusan dukansu Musulmi ne. A can ana haɗa su da Fulani da Barebari a ce musu Fallata ko Takari, sau da yawa kuma da raini ake faɗar sunan.

A ɗauki misalin yaro mai kaifin kai a wani ƙauyen Hausawa a bakin kogin Rahad ko na Atbara, a gwada masa dokar Sonya ta littafi biyu a mako. Tambayar farko ita ce, daga wane laburare? A gida Hausa yake ji, a makaranta da Larabci ake koyarwa. Tarakta takan yi huɗa a manyan gonaki, amma cire ciyawa da yankan riɗi da hannu ake yi, riɗi kuwa ba ya jira, in ya bushe a tsaye sai ya zube. Kakarsa takan faɗo a cikin lokacin makaranta, gidan da yake ci daga ƙodago kuwa ba zai bar hannu ɗaya ya zauna a aji ba. Duk da haka, kafin a ɗauki yaro karatun likita, sai ya kawo maki mafi yawa a jarrabawar gama sakandare ta ƙasa, yana takara da 'ya'yan birni waɗanda aka ɗaukar wa malaman gida.

Sa'an nan ga batun takarda. Malamar nan ta aji 8 ta ci mutuncin Carson, amma ba ta da ikon cewa shi ba ɗan Amurka ba ne. A Sudan kuwa raini ya sami gindin zama a cikin doka. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta ɗauki ɗan ƙasa na asali shi ne wanda kakanninsa na wajen uba suke zaune a ƙasar tun ƙarshen 1897. Wanda kakansa ya iso bayan Burmi, ranar nan ta rufe shi a waje, ko da shi da ubansa a Gadarif aka binne cibiyarsu. Daga baya an yi ta matso da ranar, har dokar 1994 ta kawo ta 1956, Hausawa da yawa kuma sun sami takardar da ake kira jinsiyya, akwai malamai da 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati a cikinsu. Amma tuhumar ba ta mutu ba. A watan Oktoba 2008 wata jaridar Kartum ta buga cewa Shugaba Umar al-Bashir ya ce Hausawa ba 'yan Sudan ba ne. Gwamnati ta ƙaryata, amma Hausawan Gadarif sun riga sun fito kan titi, aka kuwa rasa rayuka. A watan Yuli 2022 rikici ya tashi a jihar Blue Nile a kan neman sarautar gargajiya da Hausawa suka yi, da batun wane ne mai ƙasa. Mutum fiye da 100 suka mutu a watan nan, Hausawa kuma suka yi zanga-zanga a Gadarif da Kasala da Kartum. Ɗalibin da za a tambaye shi kakan kakansa kafin a buga masa hatimi, littafin Carson ba shi da abin da zai faɗa masa a bakin wannan ofis.

Abin tausayi shi ne, ba inda ake bukatar likita ɗan gida kamar wannan wuri. Jihar Gadarif tana cikin wuraren da cutar kala-azar ta fi yawa a duniya. Wani ɗan ƙanƙanin ƙwaro ne mai cizo da dare yake kawo ta, yana zama a dazukan aduwa da dushe da cikin tsagar baƙar laka. Takan fara da zazzaɓi mai daɗewa, saifa ta kumbura, jiki ya rame, in ba a yi magani ba kuwa kusan kowane mai ita mutuwa yake yi. Yara da masu ƙodagon gona ta fi kamawa, watau ainihin mutanen da ake magana a kansu. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta buɗe wuraren jinya a jihar tun shekarun 1990. Masanan Jami'ar Kartum, a ƙarƙashin jagorancin irin su Farfesa Ahmad Muhammad al-Hasan, sun yi shekaru suna bincike a ƙauyukan, akwai ma cibiyar da aka sa wa sunansa a garin Doka. Da can allura ake yi wa majinyaci kwana 30 a jere. Gwaje-gwajen da aka yi a Gadarif da waɗansu ƙasashen gabashin Afirka suka nuna cewa in an haɗa magani biyu kwana 17 ya isa, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta amince da haka a 2010. Wannan nasara ce ta kimiyya wadda ba ta da gwarzo ɗaya. Likitoci da ma'aikatan jinya da masu gwajin jini da iyayen da suka yarda a gwada maganin a jikin 'ya'yansu, duka suna da hannu a ciki.

An kafa Jami'ar Gadarif a 1994, tana kuma koyar da likitanci, wannan ya matso da ƙofa kusa. Amma yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilu 2023 ya rufe makarantu da jami'o'i na dogon lokaci, ya hana jarrabawar sakandare ta shekarar, ya kuma cika Gadarif da 'yan gudun hijira, har aka mai da ajujuwa wuraren kwana. Wanda zai ce wa yaron da ya rasa shekarunsa ta haka rashin himma ce ta hana shi, ya yi masa shaidar zur.

Abin da Wusasa ta koyar

Masu bi na ƙasar Hausa suna da nasu labarin a gida, ya kuma fi na Detroit kusa da Gadarif. A 1902 gwamnatin Ingila ta kafa rukunin likitocinta na Afirka ta Yamma, ta kuma keɓe shi ga Turawa kaɗai. Baƙin likita, ko da a Ingila ya yi karatu, a wani rukuni dabam ake sa shi, da albashi kaɗan. A cikin wannan zamani ne Dokta Walter Miller na mishan ɗin CMS ya zauna a birnin Zariya daga 1905, ya tara yara kaɗan yana koya musu, daga baya aka ƙaura da aikin zuwa Wusasa.

Daga wannan ƙaramar makaranta Barau Dikko ya fito. An haife shi a 1912, ya wuce King's College a Legas, sa'an nan Jami'ar Birmingham a Ingila, ya zama likita na fari daga Arewacin Nijeriya. Yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, ya zama kwamishinan tarayya a 1967, ya rasu a 1977. Asibitin koyarwa na jihar Kaduna yana ɗauke da sunansa. Bayansa Ishaya Audu, wanda aka haifa a Anchau a 1927, ya bi ta makarantar St. Bartholomew a Wusasa, ya yi karatu a Yaba da Ibadan da Landan, ya zama likitan yara. Shi ne ɗan ƙasa na fari da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975, ya kuma riƙe ma'aikatar harkokin waje daga 1979 zuwa 1983.

Ba mai musun ƙwazon waɗannan mutum biyu. Amma ba za a ce a duk faɗin Arewa yara biyu ne kaɗai Allah ya ba basira ba. Abin da ya bambanta su da dubban tsararrakinsu shi ne, an sami makaranta kusa, da malami mai naci, da jama'ar da ta ɗauki ɗawainiya, da wanda ya rubuta wasiƙa ya ƙwanƙwasa ƙofa a madadinsu. Ƙauye ɗaya da ya yi wannan ya ba Arewa likitoci da malamai da shugabanni fiye da girmansa.

Yadda ya kamata a karanta shi

Gifted Hands littafi ne mai kyau a ba yaro, gama zai sa shi ya daina yarda da sunan da masu raini suka laƙa masa. Haɗarinsa yana wurin manya. Dattijon da ya karanta shi yana iya cewa, tun da ɗan Detroit ya yi, kowa ma zai iya, sa'an nan ya naɗe hannu. Ta haka labarin da aka rubuta don ƙarfafa matalauci yakan koma bulalar dukansa. Haka kuma labarin mafarkin da Carson ya ce ya yi a Yale, inda ya ga tambayoyin jarrabawar kimiyya, bai kamata a koya wa ɗalibai shi kamar dabarar cin jarrabawa ba. Shi da kansa ya ce bayan wannan ya sāke yadda yake karatu.

Saboda haka malamin makarantar Lahadi ko shugaban matasa da zai karanta littafin tare da yara, ya sa su ƙidaya dukan waɗanda suka taimaki Carson, shafi bayan shafi. Majalisar ikilisiya kuma ta tambayi kanta wanne daga cikin waɗannan ayyuka take yi: akwatin littattafai na aro, kuɗin jarrabawar marayu, gwajin idanun yara, ko raka ɗalibi zuwa ofishin da aka hana shi takardar shaidar ƙaramar hukuma. Hausawa masu bi sun san ɗacin a ce wa mutum shi ba ɗan gari ba ne a garin kakanninsa. Wanda ya san wannan ɗaci bai kamata ya ɗanɗana wa baƙon da yake zaune a unguwarsa ba, bai kuma kamata ya ji labarin Hausawan Gadarif ya ce ba ruwansa don addininsu dabam ba. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Littafin Carson ya yabi hannun da yake sama, wanda kowa yake gani. Sauran hannuwan, a Gadarif da Zariya da kowane ƙauye mai yaro mai basira, har yanzu nemansu ake yi.